Wayar Salula Mai Murfi da Kyamara: Abin da Masu Ita Suka Gani, 1999 zuwa 2007

Gabatarwa

Wannan takarda ta shafi wata waya da ta yi tashe na ɗan lokaci sannan ta shuɗe, wato wayar salula mai murfi wadda aka fara sa wa kyamara. Zamaninta bai cika shekara goma ba, amma a cikinsa ne ɗaukar hoto ya tashi daga sana'ar mai hoto ya koma abin da kowa ke yi, a tsaye ko a tafe. Ba za a bi tarihin kamfanoni ba sai gwargwadon buƙata. Abin da za a fi dubawa shi ne halin da mai waya ya shiga bayan ya biya kuɗinsa ya sa ta a aljihu. Mai karatu zai ga cewa ɗaukar hoto bai ba shi wuya ba. Abin da ya sha masa kai shi ne yadda hoton zai fita daga cikin wayar, kuma ranar da aka sami hanyar fitarsa sai wata rigima ta daban ta taso.

Murfi ya riga kyamara

A watan Janairun 1996 kamfanin Motorola na Amurka ya fito da StarTAC, waya mai nauyin giram 88 da ake ninke ta gida biyu. Jama'a sun so wannan ƙira saboda dalilai na zahiri. Murfin yana kare fuskar waya daga ƙarcewa, maɓallai ba sa danna kansu a cikin aljihu, sannan mutum ya buɗe ya amsa kira, ya rufe ya katse. Da irin wannan waya ce wani masanin kwamfuta, Philippe Kahn, ya yi abin da ake yawan ambata a matsayin mafarin labarin. Ranar 11 ga Yunin 1997, a wani asibiti a Kalifoniya, ya haɗa kyamara da kwamfuta da wayarsa, ya aika hoton jaririyar da aka haifa masa ga mutane kimanin 2,000. Kyamara kam tana nan tun tuni. Sabon abu shi ne aikawar.

Wayoyin da aka fara sayarwa da kyamara a jikinsu daga gabashin Asiya suka fito. Kyocera na Japan ya fitar da VP-210 a 1999, tana ɗaukar hoto 20. A watan Yunin 2000 Samsung na Koriya ta Kudu ya fitar da SCH-V200, ita ma hoto 20 take riƙewa, sai dai kyamarar da wayar zaman ƴan haya suke yi a gida ɗaya, ba ruwan wani da wani. Mai ita ba ya iya aika hoto ga kowa sai ya nemi igiya ya jona ta da kwamfuta. A watan Nuwamban shekarar kamfanin sadarwa na J-Phone ya fara sayar da J-SH04 ta Sharp. Ita ba mai murfi ba ce, kuma hotonta bai kai na Samsung kyau ba, amma ana aika shi kai tsaye daga waya zuwa waya. An maƙala mata ɗan madubi kusa da idon kyamara don mai son ɗaukar kansa ya ga fuskarsa. Ƴan matan Japan sun riga sun saba da rumfunan ɗaukar ƙananan hotuna masu mannewa tun 1995, saboda haka ba sai an koya musu amfanin abin ba. A 2001 Sharp ya haɗa murfi da kyamara a J-SH07, aka raɗa wa hidimar aika hoto suna Sha-Mail, sauran kamfanoni suka bi sahu.

Amurka ba ta ga irinta ba sai Nuwamban 2002, lokacin da kamfanin Sprint ya kawo Sanyo SCP-5300 a kan kimanin dala 400. Tana da murfi, tana da ƴar fitilar haska hoto, tana iya mayar da hoto baƙi da fari. A 2003 wayoyi masu kyamara da aka sayar a duniya sun fi kyamarorin dijital na hannu yawa.

Ingancin hoton

Kafin a fahimci ƙorafin masu waɗannan wayoyi sai an san yadda ake auna hoto. Hoton dijital tarin ƙananan ɗigo ne, kowane ɗigo ana kiransa fiksel. Yawancin wayoyin 2002 zuwa 2004 suna ɗaukar hoto mai ɗigo 640 a faɗi, 480 a tsaye, jimla 307,200, abin da ake taƙaitawa da megafiksel 0.3. Idan aka so a wanke irin wannan hoto ya fito tas kamar na situdiyo, girmansa ba zai wuce santimita 5 da ƴan kai a 4 ba, wato kusan hoton fasfo. In aka ƙara masa girma sai fuska ta tarwatse ta zama dabbare-dabbare.

Ga shi kuma idon kyamarar ɗan ƙarami ne, ba ya matsawa gaba ko baya. Da rana a fili hoto kan yi kyau daidai gwargwado. Da an shiga ɗaki ko magariba ta yi, sai duhu da ɗige-ɗige kamar an watsa masa yashi. Fitilar da aka sa wa wasu ba ta haska abin da ya wuce taku ɗaya ko biyu. Akwai kuma ɗan jinkiri tsakanin danna maɓalli da ɗaukar hoton, wanda ya isa yaro ya juya kansa ko mota ta wuce. Abin da ake kira jawo hoto kusa kuwa yaudarar ido ce kawai, tsakiyar hoton ake yankowa a kumbura shi.

Duk da haka mutane ba su daina ɗauka ba, kuma dalilin a fili yake. A ƴar fuskar waya aibin hoto ba ya fitowa. Sannan da, mutum sai ya yi niyya, ya sayi fim mai hoto 24 ko 36, ya jira ranar biki ko suna, ya kai a wanke. Yanzu ga kyamara a aljihu kullum, in hoto bai yi ba a goge a sake. Aka fara ɗaukar abubuwan da ba a taɓa ganin sun cancanci fim ba: kwanon abinci, lambar mota, rubutun allo, kyanwa tana barci. Wani amfanin da masu wayar suka fi so shi ne liƙa hoton mutum a lambarsa, in ya kira fuskarsa ta bayyana a ƙaramin gilashin bayan murfi tun kafin a buɗe.

Hoto ya shiga, ta ina zai fita?

Nan ne ainihin wahalar take. Ma'adanar waɗannan wayoyi ƙarama ce ƙwarai, da yawansu kuma ba su da ramin sa katin memori. In ta cika, dole mai waya ya zauna yana zaɓen hoton da zai goge. Hanyar da kamfanonin sadarwa suka fi so ya bi ita ce saƙon hoto, wanda aka fara a Turai a 2002 da sunan MMS, domin kowane saƙo kuɗi ne. Sau da yawa saƙon ba ya tafiya sai an saita wayar, in ya tafi ma wanda aka aika wa yana iya samun rubutu kawai mai cewa ya je intanet ya duba. A Amurka manyan kamfanoni ba su fara musayar saƙon hoto tsakaninsu ba sai a 2005. Kafin nan, in layinka da na ɗan'uwanka ba ɗaya ba ne, to sai dai ka nuna masa hoton in kun haɗu.

Shari'ar Motorola V710 ta nuna yadda abin ya kai. Waya ce mai murfi, mai megafiksel 1.2, wadda kamfanin Verizon ya fara sayarwa a 2004 yana tallata cewa tana da Bluetooth. Da mutane suka saya sai suka tarar an toshe ɓangaren Bluetooth da ke tura hoto zuwa kwamfuta, an bar na haɗa waya da abin sawa a kunne. Masu wayar suka ce an yi haka ne don a tilasta musu biyan kuɗin saƙo a kan hoton da su suka ɗauka da wayar da su suka saya. Suka shigar da ƙara a Kalifoniya, aka sasanta a 2005, kamfanin ya amince da ba su rangwamen dala 25 ko damar mayar da wayar. Wasu ba su jira kotu ba. Sun sayi igiya, suka ɗauko wata manhaja ta kyauta mai suna BitPim, suka riƙa kwashe hotunansu ta bayan gida. A ganina wannan ƙara ta fi duk wata sabuwar ƙira ta lokacin muhimmanci, domin tambayar da ta tayar ita ce wa ke da iko da wayar da aka riga aka sayar.

A ƙarshen 2004 aka ga wayar da ta fi kowace mai murfi suna, Motorola RAZR V3. Kaurinta bai cika milimita 14 ba, jikinta na ƙarfe ne, farashinta na farko a Amurka wajen dala 500. Kyamararta dai megafiksel 0.3 ce, ma'adanarta ba ta kai megabayit 6 ba, babu katin memori, ta farkon ma ba ta ɗaukar bidiyo. Don ado aka fi sayen ta, kuma cikin shekara huɗu an sayar da dangin RAZR sama da miliyan 130. Masu ita sun koka da ƙura da ke shiga ƙarƙashin gilashi, kuma a watan Maris na 2006 kamfanonin Cingular da T-Mobile suka dakatar da sayar da ita na ɗan lokaci saboda wata tangarɗa da ke katse kira ana tsakiyar magana. Wani ciwo kuma duk masu murfi sun yi tarayya a cikinsa. Ta cikin mahaɗar murfin wata siririyar igiya mai laushi take ratsawa, ita ke kai wuta da hoto zuwa fuskar waya. Buɗe da rufe na yau da gobe kan tsinka ta, sai fuska ta yi fari fat, waya tana ƙara amma ba a ganin komai, hotuna kuwa suna ciki.

Da hoton ya sami ƙofa

Tun kafin a warware matsalar fitar da hoto, jama'a sun fara jin tsoron inda zai je. Mai kyamarar da ta saba ana ganinsa daga nesa. Mai waya kuwa ba a sanin ko saƙo yake karantawa ko ɗaukar mutum yake yi. A Japan kamfanoni suka sa wayoyinsu su riƙa yin ƙara in an ɗauki hoto, ƙarar da ba a iya kashewa, saboda masu ɗaukar mata a ɓoye a jiragen ƙasa. A 2003 masu buga mujallu na ƙasar suka yi gangamin hana mutane ɗaukar shafuka a kantin littattafai ba tare da sun saya ba. A shekarar ce Samsung, wanda ke ƙera wayoyin da kansa, ya hana shiga masana'antunsa da su don gudun satar sirri, gwamnatin Koriya ta Kudu kuma ta umarci a sa wa kowace waya ƙarar ɗaukar hoto. Saudiyya ta hana sayar da su, musamman saboda hotunan mata a wuraren biki, amma fasa-ƙwauri ya cika kasuwa da su, ta janye hanin a Disamban 2004.

Hoton mai dishi-dishi ya kuma shiga labarai. Ranar 7 ga Yulin 2005, da aka kai hari kan jiragen ƙarƙashin ƙasa na Landan, hotunan farko na cikin ramin fasinjoji ne suka ɗauke su da wayoyinsu. A ƙarshen Disamban 2006 bidiyon rataye Saddam Husaini da wani ya ɗauka da waya ya nuna abin da na hukuma ya ɓoye.

A ƙasar Hausa abin ya bi wata hanya. Salula ta yaɗu a Nijeriya da Nijar daga 2001, kuma galibi a kasuwa ake sayen waya, sabuwa ko ta hannu, sannan a sayi layi daban. Ke nan kamfanin sadarwa ba shi da damar toshe komai a jikinta. Saƙon MMS bai karɓu ba, sai aka koma tura hoto hannu da hannu ta Bluetooth, kyauta, a majalisa ko makaranta ko wajen biki, ga kuma masu sana'ar turi a kasuwannin waya irin Farm Centre ta Kano. Ta haka ne a 2007 wani bidiyo na sirri da aka ɗauki wata ƴar fim da waya ya bazu a Kano da wajenta cikin ƴan kwanaki, har Hukumar Tace Finafinai ta jihar ta dakatar da shirya fim na wata shida.

A shekarar ce kuma iPhone ta fito a Amurka, tauraron murfi ya fara dushewa, ko da yake Japanawa sun riƙe nasu na tsawon shekaru. Wayoyin suka koma cikin akwati, batir ya mutu, caja mai baki na daban ta ɓace. Waɗanda suka ajiye hotunansu a shafukan kamfanonin sadarwa, in ba su kwashe ba kafin a rufe shafukan, sun rasa su. A 2016 kamfanin KDDI na Japan ya fara shirya taruka inda mutane ke kawo tsofaffin wayoyinsu masu murfi, ma'aikata su farfaɗo da batirin da wata na'ura ta musamman, wayar ta kama na ɗan lokaci, mai ita ya zaɓi hoto a buga masa a takarda ya tafi da shi gida.