Yadda Wasan Jarumta na Kwamfuta Ya Shiga Gidajen Jama'a

Daga cikin wasannin kwamfuta akwai wani nau'i wanda mai wasa yake shiga rigar jarumin labari, ya fita yawon duniya yana yaƙar dodanni, ƙarfinsa na ƙaruwa sannu a hankali. Tushensa a Amurka yake, inda a shekarar 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da Dungeons & Dragons, wanda ake yi da takarda da fensir a kan tebur. A 1981 aka sami irinsa a kwamfuta, wato Ultima da Wizardry. Amma kwamfuta na da tsada a lokacin, dokokin wasan kuma na da wuya, saboda haka 'yan ƙalilan ne suka san da su.

A Japan aka warware wannan matsala. Wani marubuci mai suna Yuji Horii ya sauƙaƙa dokokin yadda yaro ma zai gane, Akira Toriyama mai Dragon Ball ya zana dodannin, kamfanin Enix ya fitar da Dragon Quest a 1986 a na'urar Famicom, wadda ake jonawa da talabijin na gida. Wasan ba ya bukatar saurin yatsa. Duk wanda ya yi haƙuri zai kai ƙarshe, sannu ba ta hana zuwa.

Ranar 10 ga Fabrairu, 1988, da kashi na uku ya fito, an sayar da fiye da miliyan ɗaya a rana guda. Ranar Laraba ce, ɗalibai da yawa suka gudu daga aji suka bi layi, har 'yan sanda suka kama wasunsu. Daga nan kamfanin ya koma fitar da sababbin kashi a ƙarshen mako.

Amurkawa kuwa ba su karɓe shi nan da nan ba, har Nintendo ya riƙa raba shi kyauta ga masu biyan kuɗin mujallarsa. Sai a 1997 kamfanin Square ya fitar da Final Fantasy VII a PlayStation, cikin faifai uku, da hotuna kamar na silima da talla a talabijin, sannan Amurka da Turai suka rungumi irin wannan wasa.

Abin lura a nan shi ne, sauƙi da labari mai daɗi ne suka jawo jama'a, har suka fitar da yaran Japan daga aji. Mu iyaye da malamai sai mu tambayi kanmu yadda za mu sa karatu ya ja hankalin yaro kamar haka.