Kwatar Ƙofar Gida: Aikin Wa Ne?

1/ Daminar bara na zo hutu Baure, ruwan kwata ya cinye gindin katangarmu har ta faɗi. Baba ya ce laifin maƙwabci ne, maƙwabci ya ce na gwamnati ne. Shi ya sa na bi tarihin abin.

2/ Zamanin En'e akwai duba-gari. Kakata ta ce har tsakar gida suke shiga, su leƙa randa, su duba rariya. In an samu ƙazanta, mai gida ya sha tara a gaban alƙali. Kwatar lungu kuwa, mai unguwa ke kiran gayya.

3/ A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, ikon ya bar hannun sarakuna. Duba-gari suka yi ta ja baya.

4/ A 1984 Buhari, ɗan Daura, ya kawo yaƙi da rashin ɗa'a. A 1985 aka ƙara da tsaftar muhalli, har Asabar ɗin ƙarshen wata ta zama ranar yashe kwata. Da tsoron soja ya tafi, sai tsintsiya ta bi shi.

5/ Kundin tsarin mulkin 1999, jadawali na huɗu, ya ɗora gini da gyaran magudanan tituna a kan ƙaramar hukuma. Amma rariyar gidanku har inda ta haɗu da lambatu, taku ce.

6/ To 'yan uwa, kafin ruwan bana ya sauka: mu yashe namu, sannan mu je sakatariya mu tambayi nasu. Wa zai fito ran Asabar?