Masana'anta Ta Rufe, Taro Bai Watse Ba: Tarihin Ƙungiyar Masu Motar MG

A tsakiyar Ingila akwai wani fili da ake kira Silverstone, tsohon sansanin jiragen yaƙi ne na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, aka mai da shi fagen tseren motoci a 1948. A nan aka yi tseren farko na gasar duniya ta Formula One a watan Mayun 1950. Sai dai ba fitattun direbobi kaɗai suka san hanyarsa ba. Tun farkon shekarun 1950 ƙungiyar masu motar MG, wato MG Car Club, ta riƙa yin babban taronta na shekara a wurin. Malamin makaranta da manomi da ɗan fansho, kowa ya tuƙo tasa daga garinsu, har da masu tsallako teku daga ƙasashen Turai.

Motar da ake wa wannan tururuwa ba ta attajirai ba ce. Cecil Kimber, manajan garejin Morris Garages na William Morris a birnin Oxford, shi ya fara ɗaukar motocin Morris na yau da kullum a shekarun 1920, ya sake musu gangar jiki, ya ƙara musu gudu. Daga sunan garejin aka samo haruffan MG. Kasuwa ta buɗe sosai da fitowar M-type Midget, 'yar ƙaramar mota mai kujera biyu da rufin tamfol, wadda matashin ma'aikaci zai iya tara kuɗi ya saya. Wurin aiki ya yi kaɗan, sai kamfanin ya koma garin Abingdon a 1929.

Shekara guda bayan haka wata mujallar motoci ta buga wasiƙar wani mai karatu da ke neman masu MG su haɗa kai. Aka amsa kira. A watan Oktoban 1930 suka hallara a wani otal kusa da Stevenage, suka kafa ƙungiya, suka ba wani matashin akawu mai suna John Thornley sakatare. Kimber ya yi na'am da su, har ya ɗauki Thornley aiki a 1931. Wannan sakataren ƙungiya shi ya zama babban manajan masana'antar a 1952, ya riƙe ta har 1969. A ganina nan ne sirrin MG yake: wanda ke shugabantar ƙera motar ya fito ne daga cikin masu sayenta, ya san abin da ke faranta musu da abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya. Kimber kuwa bai ga wannan zamani ba. An sallame shi a 1941, ya rasu a hatsarin jirgin ƙasa a tashar King's Cross ta Landan a 1945.

Bayan yaƙi Amurka ta zama babbar kasuwa. An ƙera MG TC kimanin 10,000, MGA ta haura 100,000, sannan MGB da ta fito a 1962 ta zarce 500,000, mafi yawansu aka loda su a jirgin ruwa zuwa ƙetare.

Wanda bai taɓa ganin irin wannan taro ba zai ɗauka nunin motoci ne kawai. Akwai nunin, gaskiya ne: ana jera su kashi-kashi bisa samfuri, alƙalai su zagaya suna leƙa inji da ƙarƙashin mota, suna duba ko fenti da kujeru na asali ne. Akwai tsere ma, inda motar da ta girmi direbanta ke shiga fage. Amma zuciyar taron tana rumfunan kayan gyara, waɗanda ke tuna wa mutum Panteka ta Kaduna: tsohon sitiyari, akwatin giya, fitila, agogon gudu, duk a baje. A nan mai neman abin da aka daina ƙerawa tun kafin a haife shi yake dacewa, a nan kuma dattijon da ya yi aiki a masana'anta yake nuna wa saurayi yadda ake saita kafireta da kunne. Ilimin da babu shi a littafi ta haka yake wucewa daga hannu zuwa hannu.

Wannan zumunci ya sha jarrabawa sau biyu. MG ta faɗa cikin gamayyar British Leyland a 1968, kuma ba a jima ba sabbin shugabanni suka janye tallafin da ake ba ƙungiyar. Mambobi suka ɗauki nauyin kansu, suka ci gaba. Wata ƙungiyar ma ta biyu, MG Owners' Club, ta kafu a 1973.

Jarrabawa ta biyu ta fi ciwo. A farkon Satumban 1979 garin Abingdon ya yi kwanaki yana shagalin cikar masana'antar shekara 50. Ranar Litinin 10 ga wata, tun ba a gama kwashe kayan biki ba, British Leyland ƙarƙashin Michael Edwardes ta sanar cewa za ta rufe ta. Hujjarta ita ce darajar fam ta tashi, tana tafka asara a kan kowace motar da ta sayar a Amurka. Hujjar ba ƙarya ba ce, amma ba ita ce dukan gaskiya ba. An bar MGB shekara da shekaru ba a zuba kuɗin sabunta ta ba. Da dokokin Amurka suka matsa a 1974, sai aka liƙa mata baƙar bamba mai nauyi, aka ɗaga tsayinta, tuƙinta ya ragu da daɗi. Kuɗin ya tafi ga wata motar British Leyland, Triumph TR7, wadda ita ma aka daina ƙerawa a 1981. Ma'aikatan Abingdon da aka san su da ƙarancin yajin aiki su suka biya bashin sakacin da ba nasu ba.

Masu motar ba su yi shiru ba. Sun yi zanga-zanga a Landan, dillalan Amurka sun yi ƙorafi, wasu 'yan kasuwa ƙarƙashin jagorancin Aston Martin sun nemi sayen kamfanin, ciniki bai faɗa ba. A Oktoban 1980 aka rufe ƙofa.

Da a ce masu MG sun watse a lokacin, da tsatsa ta gama da motocin. Amma taro ya ci gaba, masu neman kayan gyara suka yi yawa har 'yan kasuwa suka ga akwai riba. A 1988 British Motor Heritage ta tattaro tsoffin injinan buga ƙarfe ta koma ƙera sabuwar gangar jikin MGB, ta yadda mai ruɓaɓɓiyar mota zai iya tayar da ita daga tushe. Ganin haka ya ƙarfafa wa kamfanin Rover, magajin British Leyland, gwiwa ya fitar da MG RV8 a 1992, sannan MGF a 1995. Masu saye ne suka ja masu ƙerawa suka dawo kan hanya.

Kamfanin MG Rover ya durƙushe a 2005, Nanjing Automobile na ƙasar Sin ya sayi sunan, yau kuma yana hannun kamfanin SAIC. Hedikwatar ƙungiyar kuwa, Kimber House, tana nan a Abingdon, gab da inda masana'antar take a da. A 2030 MG Car Club za ta cika shekara 100, rabinsu ta yi su ne bayan an rufe masana'antar.