Allurar da Ba ta Fita a Fitsari: Tarihin Sinadarin Girma a Fagen Wasanni

A watan Janairu na 1998, jami'an kwastam a filin jirgin sama na Sidni, a Ostiraliya, suka buɗe jakar wata 'yar wasan ninƙaya ta ƙasar Sin mai suna Yuan Yuan, tana kan hanyar zuwa gasar duniya a birnin Perth. A cikin wani fulas suka tarar da ƙananan kwalabe 13 na sinadarin girma. Aka dakatar da ita shekara huɗu, kocinta kuma shekara 15. Bayan wata shida, aka tare motar Willy Voet, mai kula da 'yan tseren keke na ƙungiyar Festina, a kan iyakar Beljiyam da Faransa, aka same ta maƙil da magungunan ƙara kuzari, har da wannan sinadarin. Duka biyun mai binciken kaya ne ya kama su. Da Yuan Yuan ta riga ta yi allurar ta yar da kwalaben, babu likitan da zai iya tabbatar da laifinta a wancan lokaci. A ganina nan ne farin jinin wannan allura ya samo asali. Ta yi suna a tsakanin 'yan wasa tun kafin a san ko tana ƙara musu wani abu, kuma abin da ya riƙe sunan shekara da shekaru shi ne ɓuyarta, ƙarfin da take bayarwa kuwa har yau ana gardama a kansa.

Sinadarin girma jiki ne ke yin abinsa. Yana fitowa daga wani ɗan ƙullutun nama a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wanda likitoci ke kira fituwitari, girmansa bai wuce ƙwayar wake ba. Shi ke sa ƙashin yaro ya miƙe. Yaron da jikinsa ba ya yin isasshe sai ya tsumbure. Na shanu ba ya aiki a jikin mutum, saboda haka da Choh Hao Li da Harold Papkoff suka tace na ɗan Adam a Kalifoniya a 1956, kuma Maurice Raben ya yi wa wani yaro ɗan shekara 17 magani da shi a Boston a 1958, hanya ɗaya ce ta samunsa: a ciro ƙullutun daga kan gawa. A Amurka aka kafa hukuma ta musamman mai tattara waɗannan ƙullutai daga asibitocin da ake binciken gawa, a niƙa, a tace, a raba wa yara. Tsakanin 1963 da 1985 yara kusan 7,700 suka samu a Amurka, wajen 27,000 a duniya baki ɗaya. Maganin bai taɓa isa ba. Akan tsayar wa yaro da allura da zarar ya kai wani tsayi, don na bayansa ya samu.

Cikin wannan ƙarancin ne masu gina tsoka na gaɓar tekun Kalifoniya suka ƙyalla ido a kansa. A farkon shekarun 1980 wani mai suna Dan Duchaine ya fitar da ɗan littafi, Underground Steroid Handbook, yana koya wa 'yan ɗaga ƙarfe yadda ake amfani da haramtattun magunguna, ya kuma yaba sinadarin girma matuƙa. Duchaine ba likita ba ne, kuma bai jingina maganarsa da wani gwaji ba, domin babu gwajin. Sai a 1989 aka buga binciken farko na kirki a kan abin da sinadarin ke yi a jikin baligi, a Landan da Denmark, shi ma a kan marasa lafiya ne waɗanda jikinsu ya daina yin sa. Ke nan 'yan wasa sun yi shekaru suna tsira wa kansu abin da aka tatso daga kan matattu, suna kuma rage wa tsumburarrun yara rabonsu, bisa shaidar wani ɗan littafin bayan fage. A 1985 aka gano kuɗin da hakan zai iya ci. Wasu matasa da aka yi wa allurar suna yara suka mutu da cutar Creutzfeldt-Jakob, 'yar uwar cutar haukan shanu, wadda ke cinye ƙwaƙwalwa kuma ba ta da magani. Aka dakatar da na gawa nan take a Amurka. A Faransa, inda aka yi jinkiri, sama da mutum 100 suka rasu daga baya. A watan Oktoba na wannan shekarar ne kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Protropin na kamfanin Genentech, wanda ƙwayoyin bakteriya ke haɗawa a masana'anta. Ƙarancin ya kau, tsoron gawa ya kau, kasuwar bayan fage ta buɗe.

Amma yawaitar kaya kaɗai ba ta isa ta bayyana rububin ba. Sai an duba abin da ke faruwa da sauran magunguna a lokacin. An fara gwajin sitiroyid, maganin gina tsoka, a gasar Olamfik ta Montreal a 1976. A wasannin nahiyar Amurka na 1983 a Karakas, masanin Jamus Manfred Donike ya zo da na'urorin da suka fi na da gani, 'yan wasa da dama suka tattara kayansu suka koma gida kafin a kira su ba da fitsari. A 1988 dubun Ben Johnson na Kanada ta cika a Seoul, aka ƙwace zinaren mita 100 saboda sitiroyid. A gaban kwamitin bincike na alƙali Charles Dubin a shekarar da ta biyo, abokiyar atisayensa Angella Issajenko ta faɗa da bakinta cewa ta yi amfani da sinadarin girma, kuma babu gwajin da ya taɓa nuna shi. Duk ɗan tseren da ke bin zaman ya ji abin da ya ji: wanda ake iya gani shi ya tona asiri, wanda ba a gani ya wuce salin alin. Dalilin ɓuyar kuwa a halitta yake. Wanda ake haɗawa a masana'anta daga baya bai da bambanci da babban nau'in da jiki ke yi, amino asid 191 a jere iri ɗaya. Jiki ba ya sakin sa daidai wa daida, yakan yi ambaliya cikin barci ko bayan motsa jiki, sannan ya ja baya, don haka yawansa a jini ba hujja ba ne. Yana ɓacewa daga jini cikin sa'o'i, abin da ke fita a fitsari kuma ɗan mitsitsi ne. Kwamitin Olamfik na duniya ya haramta shi a 1989 ba tare da yana da hanyar kamawa ba, kuma haramcin da babu ɗan sanda a bayansa talla ce kawai ya zama. Zuwa 1996, wasu 'yan wasa da 'yan jarida suna yi wa gasar Olamfik ta Atlanta laƙabi da sunan sinadarin.

Kimiyya ma ta ƙara wa wutar mai ba da niyya ba. A 1990 Daniel Rudman ya buga bincike a mujallar New England Journal of Medicine: dattawa 12 da suka haura shekara 60 aka yi wa allurar wata shida, nauyin jikinsu wanda ba kitse ba ya ƙaru da kashi 8.8 cikin ɗari, kitse ya ragu da kashi 14.4. Ba a auna ƙarfinsu ba. Ba a auna gudunsu ba. Duk da haka 'yan kasuwar hana tsufa suka yi ta yawo da takardar, har mujallar ta fito a 2003 tana jan kunne game da yadda ake tallata kaya da sunanta.

Kuskuren yana cikin ma'aunin nan na nauyin da ba kitse ba, domin ruwa ma yana ciki. Sinadarin girma yana sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa. Mutum ya hau sikeli ya ga ya ƙaru, ya duba madubi ya ga kitsen ciki ya zube jijiyoyi sun fito raɗau, ya ɗauka tsoka ce. A 2008 masu bincike a Jami'ar Stanford, ƙarƙashin Hau Liu, suka tattara gwaje-gwajen da aka yi wa matasa masu lafiya, mutum 303 da suka karɓi allurar. Nauyin da ba kitse ba ya ƙaru da kilo 2.1, ƙarfi da juriya ba su ƙaru ba, kumburi da gajiya kuwa sun fi yawa. Likitoci ma suna da shaida tun da daɗewa a asibiti. Mai cutar da ke sa jiki ya yi sinadarin fiye da kima zoben hannunsa ya daina shiga, takalmi ya matse, haɓa ta yi gaba har haƙora su ware, harshe ya yi kauri, ga ciwon sukari da hawan jini da kumburin zuciya. Tsokarsa babba ce a ido, amma sau da yawa rauni yake kuka da shi. Robert Wadlow, mai irin wannan cutar, wanda tsayinsa ya kai mita 2.72, da ƙarafan tallafi yake tafiya, ya kuma rasu a 1940 yana ɗan shekara 22.

Za a ce 'yan wasa ba wawaye ba ne, ba za su zuba dubban daloli da makomarsu a kan abin banza ba, kuma sun taɓa riga likitoci gaskiya: shekaru da yawa masana suna musun cewa sitiroyid na ƙara ƙarfi, alhali kowane ɗan ɗaga ƙarfe ya san yana ƙarawa. Za a ƙara da cewa gwajin jami'a na 'yan makonni ne da ɗan ƙaramin awo, ba irin abin da ake ɗurawa a ɓoye ba. Wannan suka tana da nauyi, kuma akwai binciken da ya mara mata baya. A 2010 Cibiyar Garvan ta Sidni, ƙarƙashin Ken Ho, ta gwada mutum 96 masu motsa jiki na mako takwas. Ƙarfin ɗaga nauyi da tsalle da juriya ba su canza ba, amma ƙarfin gudun ɗan taƙi a kan keken gwaji ya ƙaru da kusan kashi 4 cikin ɗari, ga mazan da aka haɗa musu da testosteron kuma ya kai kashi 8. Masu binciken sun ƙiyasta cewa hakan zai iya rage daƙiƙa 0.4 a tseren mita 100, tazarar da ke raba na ɗaya da na ƙarshe a wasan ƙarshe na Olamfik. Ba na musun wannan. Sai dai shaidar ta zo kusan shekara talatin bayan Duchaine, ba za ta zama dalilin rububin da ya riga ta ba. Ba ta kuma shafi yawancin masu saye ba, wato masu neman tsoka da ƙarfi, waɗanda binciken bai nuna sun samu komai ba. Ƙwarewar ɗan wasa a nan ma ba ta da ƙarfin da take da shi a kan sitiroyid, domin da wuya a sami wanda ya yi wannan allura ita kaɗai. Motar Voet ta nuna yadda abin yake: ga EPO mai ƙara jini, ga testosteron, ga amfetamin. Wanda ya haɗa abu huɗu ya yi nasara ba shi da hanyar sanin wanne ya yi aikin, kuma zuciya takan ba mafi tsada lada. A gwajin Garvan ɗin ma, an sami waɗanda ruwan gishiri aka tsira musu, suka yi zaton maganin ne, suka kuma tabbatar wa kansu sun inganta.

Masu kallon ƙwallo za su kawo Lionel Messi. Yana yaro a Rosario aka gano jikinsa ba ya yin isasshen sinadarin, ya riƙa tsira wa kansa allura a ƙafa kowane dare, kuma ɗaukar nauyin maganin na cikin abin da ya kai shi Barcelona yana ɗan shekara 13. Wannan aikin da aka ƙirƙiro maganin dominsa ne, cike giɓi a jikin yaron da ƙashinsa bai rufe ba. Baligi mai lafiya ba zai ƙara ko taƙi ɗaya na tsayi ba. Hujjar da ta fi wannan ƙarfi ita ce ta warkewa. Andy Pettitte, ɗan wasan besbol na Amurka da sunansa ya fito a rahoton Mitchell na 2007 kan magungunan ƙara kuzari, ya amsa cewa ya yi allurar a 2002 don gwiwar hannunsa ta warke da wuri. Akwai binciken da ya nuna sinadarin na ƙara haɗa kolajin, abin da jijiyoyin gaɓɓai ke ginuwa da shi, don haka zancen ba shaci-faɗi ba ne. Amma daga ƙaruwar kolajin zuwa komawa fili da wuri akwai tazara, kuma gwaji bai cike ta yadda za a dogara ba.

Abin da ya faru bayan gwaji ya samu shi ne ya fi gamsar da ni. Peter Sönksen a Landan ya jagoranci aikin GH-2000, wanda ke neman sawun da allurar ke bari a jini, Christian Strasburger da abokan aikinsa a Munik kuma suka gano cewa jiki na yin nau'o'i da dama, na masana'anta nau'i ɗaya ne, don haka allura na karkatar da ma'aunin. An fara amfani da hanyar Munik a gasar Olamfik ta Atens ta 2004, amma tagarta kwana ɗaya ce ko kaɗan fiye, aka yi shekaru ba a kama kowa ba. Sai a Fabrairun 2010 aka dakatar da Terry Newton, ɗan wasan rugby na Ingila, shekara biyu, shi ne na farko da jini ya tona. A gasar nakasassu ta Landan a 2012 hanyar Sönksen ta kama 'yan ɗaga ƙarfe biyu na Rasha. Gwajin bai zama tsayayye ba nan da nan: a 2013 kotun wasanni ta duniya ta wanke Andrus Veerpalu, ɗan tseren kan ƙanƙara na Estoniya, saboda lissafin iyakar da aka gindaya bai gamsar da ita ba. Duk da raunin gwajin, kasuwa ta riga ta motsa. Masu sayarwa suka koma kan wasu ƙananan sinadarai da ke zuga fituwitari ya saki nasa, waɗanda hanyar Munik ba ta gani tunda duk nau'o'in jiki ne ke fitowa. Shaidar amfaninsu ga ɗan wasa ta fi ta sinadarin girma ƙaranci. A 2011 aka ba 'yan ƙungiyar rugby ta Cronulla, a Sidni, biyu daga cikinsu, CJC-1295 da GHRP-6. Wannan karon ma ba ɗakin gwaji ne ya gano ba, binciken hukumar yaƙi da manyan laifuka ta Ostiraliya ne ya buɗe zancen a 2013, 'yan wasan kuma suka karɓi dakatarwa a watan Agusta na 2014.