Ikon Cire Hatimin Sirri daga Bayanan Tsaro a Najeriya: Takaddamar Majalisa da Ɓangaren Zartarwa da Tasirinta ga Al'ummar Mile 12

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci takaddamar da ke tsakanin majalisar dokoki da ɓangaren zartarwa kan wanda ke da hurumin bayyana bayanan tsaro da aka killace. Ta yi amfani da tanade-tanaden doka, da dambarwar Disamba 2020, da rikice-rikicen kasuwar Mile 12 a Legas, domin nuna cewa shirun da doka ta yi game da wa'adin sirri ya bar ragama a hannun ɓangaren zartarwa.

Gabatarwa

Cire hatimin sirri shi ne matakin da hukuma ke ɗauka na mayar da takardar da aka hana jama'a gani ta zama abin da kowa zai iya karantawa. A Najeriya, Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta haramta fitar da bayanin da aka killace ba tare da izini ba, amma ba ta yanke lokacin da sirrin zai ƙare ba. Kundin Tsarin Mulki na 1999 kuwa, a sassa na 88 da 89, ya bai wa Majalisar Tarayya ikon bincikar hukumomi da gayyatar kowane mutum ya ba da shaida ko ya gabatar da takardu, yayin da sashe na 218 ya ɗora wa shugaban ƙasa ikon sarrafa rundunonin soja. Daga tsakanin waɗannan tanade-tanade ne takaddamar ke ɓullowa.

Dambarwar Zabarmari

Bayan kisan gillar da aka yi wa manoman shinkafa na Zabarmari a jihar Borno ranar 28 ga Nuwamba 2020, Majalisar Wakilai ta gayyaci Shugaba Muhammadu Buhari ya yi mata bayani kan taɓarɓarewar tsaro, aka kuma tsayar da ranar 10 ga Disamba. Ana jajibirin ranar sai Antoni Janar Abubakar Malami ya fitar da sanarwa cewa majalisa ba ta da hurumin gayyatar shugaban ƙasa kan yadda ake sarrafa dakaru, saboda dabarun yaƙi abu ne na sirri, kuma shugaban bai halarta ba. Abin lura shi ne, ba kotu ce ta raba gardamar ba. Ɓangaren da ke riƙe da takardun shi ne ya fassara doka, maganar kuma ta tsaya a nan.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a Mayun 2011, ta rage giɓin da dokar 1962 ta bari, domin ta tanadi cewa hatimin sirri shi kaɗai ba hujja ba ne na hana bayani, kuma maslahar jama'a na iya rinjayar togaciyar da aka yi wa harkokin tsaro. Sai dai hukumar da ke riƙe da takardar ita ce ke fara auna wannan maslaha, wanda bai gamsu ba kuma sai ya garzaya kotu, inda shari'a kan ɗauki shekaru.

Mile 12 a Matsayin Ma'auni

Kasuwar Mile 12, da ke ƙaramar hukumar Kosofe, ita ce babbar matattarar tumatir da tattasai da albasa da manyan motoci ke saukewa daga Arewa, kuma Hausawa 'yan kasuwa da 'yan dako na da yawa a cikinta. A Nuwamban 1999 an yi mummunan rikici a yankin Ketu da Mile 12 tsakanin 'yan ƙungiyar Yarbawa ta OPC da Hausawa, har Shugaba Olusegun Obasanjo ya ba da umarnin harbe 'yan ƙungiyar da aka samu suna tarzoma. A Maris 2016 wani rikicin ya sake ɓarkewa, Gwamna Akinwunmi Ambode ya rufe kasuwar, aka kuma sanya dokar hana fita a unguwanni irin su Agiliti da Maidan.

Dillalin da rumfarsa ta ƙone, ko wanda kwandunan tumatir ɗinsa suka ruɓe a lokacin rufewar, abin da yake son sani shi ne musabbabin rikicin, da adadin waɗanda aka rasa, da ko jami'an tsaro sun samu labari tun da wuri. Amsoshin irin waɗannan tambayoyi suna cikin rahotannin 'yan sanda da na hukumar tsaron farin kaya, waɗanda dukkansu na tarayya ne. Sashe na 128 ya taƙaita binciken majalisar jiha ga abubuwan da take da ikon yi wa doka, 'yan sanda kuwa suna cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Ke nan majalisar da ta fi kusa da ɗan kasuwar ba ta da ƙarfin tilasta a buɗe takardun, wadda ke da ikon kuma ana iya tare ta da hujjar sirri. A irin wannan yanayi jita-jita ke maye gurbin hujja, ta kai Kano da Sakkwato ta waya kafin hukuma ta ce uffan, abin da kan haifar da fargabar ramuwar gayya.

Kammalawa

A Amurka, umarnin shugaban ƙasa mai lamba 13526 na 2009 ya tanadi cewa mafi yawan takardun sirri masu muhimmancin tarihi su buɗe da kansu bayan shekara 25, kuma ƙudurin Majalisar Dattawa mai lamba 400 na 1976 ya shata hanyar da majalisar za ta bi ta bayyana bayani ko da shugaban ƙasa bai amince ba. Najeriya na buƙatar yi wa dokar 1962 kwaskwarima ta yadda za ta yanke wa'adin sirri, ta kafa kwamitin majalisa mai rantsuwar riƙe amana da zai ga rahotannin tsaro, ta kuma wajabta fitar da taƙaitaccen rahoto bayan kowane rikicin ƙabilanci. Wannan gyara yana cikin hurumin Majalisar Tarayya, kuma alhakin yinsa yana wuyanta.