Lambar 2,520 da rabe-rabenta

Lambar 2,520 ita ce mafi ƙanƙanta da za a iya rabawa da kowace lamba daga 1 zuwa 10 ba tare da an bar saura ba.

Malaman hisabi na Musulunci sun san ta a matsayin lambar da ke fitar da kasusuwa tara: rabinta 1,260, sulusinta 840, rubu'inta 630, humusinta 504, sudusinta 420, subu'inta 360, sumuninta 315, tusu'inta 280, ushirinta kuma 252.

Akwai wani labari da ake dangantawa ga Sayyidina Ali, cewa an tambaye shi irin wannan lamba, sai ya ce a ninka kwanakin shekara sau kwanakin mako, wato 360 sau 7. Shekarar masu lissafi ke nan, domin ta Hijira kwana 354 ce ko 355.

Asalinta

Idan aka warware ta zuwa lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu ko da ɗaya, za a sami 2 sau uku, 3 sau biyu, sai 5 da 7.

Lambobi 48 ne ke raba ta daidai, kuma babu wata lamba ƙasa da ita da ke da masu raba ta da yawa haka. Masanin lissafin nan na Indiya, Srinivasa Ramanujan, ya yi nazari a kan wannan rukuni na lambobi a 1915.

Rabon gado

Inda amfaninta ya fi fitowa fili shi ne wajen rabo. Asalan mas'alolin gado guda bakwai, wato 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24, duk suna raba ta.

A ƙaddara wani manomi a Lakwaya, cikin ƙaramar hukumar Gwarzo, ya rasu ya bar mata da uwa da uba da 'ya'ya maza biyu, mata uku. Idan aka kasa dukiyarsa kashi 2,520, matar za ta sami sumuni, 315, uwa da uba kowa sudusi, 420. Saura 1,365 ke nan, wanda ya rabu gida bakwai daidai: kowace 'ya 195, kowane ɗa 390.

Da 24 aka tsaya, saura 13 ne, wanda ba ya rabuwa bakwai, sai malami ya sake ninkawa zuwa 168.

Sai dai tana da iyaka. Ba ta rabuwa da 11 ko 13 ko 17, haka kuma idan mas'ala ta yi auli daga 24 zuwa 27, kamar inda mamaci ya bar mata da iyaye biyu da 'ya'ya mata biyu kaɗai, ba za ta fitar da rabon ba. Mai son lambar da za ta rabu har zuwa 12 sai ya tafi 27,720.