Nauyin Kawo Hujja a Shari'ar Mutuwar Amarya a Gidan Miji: Ko Dokar Indiya Za Ta Zauna a Kano?

Tsakure

Maƙalar ta gwada dokar Indiya kan mutuwar matan aure saboda kayan gara da dokar shaida ta Najeriya. Ta gano cewa tsarin mulki bai hana aron dokar ba, amma ko an aro ta ba za ta yi aiki a Kano ba muddin ana binne gawa kafin likita ya duba ta.

Gabatarwa da Waiwaye

A 1986 Indiya ta ƙara sashe na 304B a kundin laifuffukanta da sashe na 113B a dokar shaida. Idan mace ta mutu ta hanyar ƙuna, rauni ko wani yanayi da ba a saba ba cikin shekara 7 da aure, aka kuma nuna an gallaza mata kan neman kaya daf da rasuwarta, to kotu za ta ɗauka mijin ko danginsa ne suka kashe ta. Hukuncin ya kama daga ɗaurin shekara 7 zuwa rai-da-rai. Tun 1 ga Yuli 2024 tanadin ya koma sashe na 80 da na 118 na sababbin dokokin ƙasar.

Masu son a kwafo wannan doka suna kafa hujja da gori. Gaskiya ne a Kano miji ke biyan sadaki, amma kayan ɗaki da gara a wuyan iyayen amarya suke, kuma amaryar da aka kai ba gara ta san irin habaicin da za ta sha wurin dangin miji. Masu suka kuwa cewa suke dokar ta saɓa wa sashe na 36(5) na tsarin mulkin Najeriya na 1999. Da alama ba su karanta sashen har ƙarshe ba, domin shi da kansa ya halatta dokar da ta ɗora wa wanda ake tuhuma nauyin tabbatar da wasu takamaiman al'amura. Iyakar da ke akwai tana sashe na 137 na dokar shaida ta Najeriya ta 2011: rinjayen zato ya ishe shi ya kuɓuta. Kotun Ƙolin Indiya a shari'ar Sher Singh ta 2015 ta ɗora wa miji nauyin da ya fi wannan.

Dabarun Bincike

An nazarci nassin dokokin ƙasashen biyu da hukuncin ƙasama a fiƙihun Malikiyya.

Sakamakon Bincike

Sashe na 113B (na 118 a yanzu) ba ya motsi da kansa. Sai mai gabatar da ƙara ya fara tabbatar da cewa mutuwar ba ta Allah da Annabi ba ce, sannan nauyi ya koma kan miji. A Indiya rahoton binciken gawa ne ke buɗe wannan ƙofa. A Kano wadda ta rasu da asuba, kafin azahar an kai ta makwancinta. Uban da aka ce ya bari a yanka gawar 'yarsa, "na bar wa Allah" zai ce, kuma ba mai ganin laifinsa. Ƙunar da ke wuyanta ko shatin da ke bayanta, mai wankan gawa kaɗai ta gani, ita kuwa tarbiyyarta ita ce ta rufa wa mamaci asiri.

Fasalin gida ma yana da tasiri. A gidan gandu na cikin birni akwai faccala, akwai maƙwabciyar da katanga ɗaya ta raba su. A Nassarawa GRA doguwar katanga ce da get, mata da miji sai mai gadi da 'yar aiki, waɗanda abincinsu ke hannun wanda ake zargi. A irin wannan gida doka ba ta gaza ba: sashe na 140 na dokar shaida ta 2011 ya ɗora nauyin bayani kan wanda shi kaɗai ya san abin da ya faru, Kotun Ƙolin Najeriya kuma a shari'ar Igabele ta 2006 ta yi aiki da ƙa'idar cewa wanda aka gani na ƙarshe tare da mamaci sai ya yi bayani. Duk da haka a ƙarƙashin sashe na 221 na Final Kod, dole a fara tabbatar da abin da ya jawo mutuwar. Ko ƙasama, rantsuwa 50 ta masu jini, ba a yin ta sai da lausu, wato alama mai ƙarfi kamar furucin mamaci kafin cikawa.

Iyakar Bincike

Binciken ya tsaya kan nassi, bai ƙirga shari'o'i a Babbar Kotun Kano ba. Mai son ƙirgawa ya sani cewa gawar da ba a duba ba ba ta da fayil.

Shawara

Ya kamata Majalisar Dokokin Jihar Kano ta bar wannan tanadi na Indiya inda yake. Ta wajabta cewa duk matar auren da ta rasu da ƙuna, rauni ko alamar guba, likita mace ta duba jikinta daga waje, ba tare da yanka ba, ta rubuta rahoto kafin a yi mata sutura.